Munduwar Da Ke Shinshinar Gumi

Laccar da aka gabatar a garin Tarai, ƙaramar hukumar Kibiya, masarautar Rano

 

Shugaban taro, iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin direbobi da 'yan acaɓa, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata, da samarin Tarai da kuka cika bayan rumfa, barkanmu da yamma.

Na san akwai mai tambaya a ransa: me ya haɗa Tarai da na'urar auna giya? Garin Musulmi ne, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, ta kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, ta kuma hana sayar da barasa. Gaskiya ne. Amma a watan Nuwamban 2013 Hisbah ta farfasa kwalabe 240,000 a Kano. A 2020 ta fasa kusan miliyan biyu. A farkon 2022 abin da aka murƙushe a Tudun Kalebawa, ƙasar Dawakin Tofa, ya haura miliyan uku da dubu ɗari takwas. Waɗannan su ne waɗanda aka kama. Kowa a nan ya san 'yar ƙaramar ledar giyar nan da ake sokewa a aljihun wando, wadda NAFDAC ta fara yaƙi da ita gadan-gadan a 2024, ba sai an ɗauko tirela ake shigo da ita gari ba. Kuma motar da ke bin hanyar Rano ba ta tambayar direbanta inda ya kwana.

Dalili na biyu ya fi damuna. Duk abin da aka ƙera a ƙasashen waje, ko ba daɗe ko ba jima, sai ɗan kwangila ya kawo shi bakin ƙofarmu. Mun ga yadda NDLEA ta yi wa 'yan takarar ƙananan hukumomin Kano gwajin ƙwaya a 2021 da 2024, wasu suka faɗi. Ranar da wani zai miƙe a taro ya ce a ɗaura wa direbobi, ko ɗalibai, ko masu neman aure wata munduwa mai tona asirin mashayi, ranar ba ta da nisa. Gara mu san abin tun kafin a zo a sayar mana da shi.

Bari mu fara da jikin ɗan Adam. Idan mutum ya sha barasa, ba ta jiran a narkar da ita kamar tuwo. Kaɗan na ratsa bangon tumbi, mafi yawa na ratsa ƙaramin hanji, sai ta shiga jini. Da yake tana gaurayuwa da ruwa sosai, duk inda ruwa yake a jiki tana zuwa: ƙwaƙwalwa, tsoka, huhu, fata. Hanta ce ke ƙone fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma da nata takun take yi, ba a gaggauta ta. Direbobi, ku riƙe wannan: goro ba ya ƙara mata sauri, shayi mai kauri ba ya ƙara mata, wanka da ruwan sanyi ma haka. Ana lissafa barasar jini da giram a cikin mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada direba ya haura 0.05, sabon direba kuwa 0.02. Hanta na rage wajen 0.015 ne a awa guda. Wanda ya kai 0.08 da tsakar dare yana bukatar fiye da awa biyar kafin jininsa ya washe. Yana iya yin lodin asuba idonsa garau, alhali ƙafarsa ba za ta kai birki a kan lokaci ba.

Ragowar da hanta ba ta ƙone ba tana fita ta numfashi da fitsari, sannan wani ɗan mitsitsi, kamar kashi ɗaya cikin ɗari, yana fita ta fata. Ba sai mutum ya yi sharkaf da gumi ba. Ku dubi randar da ke tsakar gida: ba ta yoyo, amma bayanta kullum da danshi, domin ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu a hankali ya bi iska. Haka fatarmu take dare da rana, ko muna barci. Wannan tururin da ido ba ya gani shi ne na'urar ke shinshina. Masana a ƙasar Suwidin sun gano akwai barasa a gumin mashayi tun 1936, amma sai da aka kwashe shekaru kusan saba'in kafin a sami abin ɗaurawa da kotu za ta yarda da shi.

A tsakanin nan numfashi aka dogara da shi. Wani jami'in 'yan sandan jihar Indiyana ta Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar hurawa a 1954, kakar wadda jami'an kiyaye haɗurra ke fitowa da ita a manyan hanyoyinmu, musamman a watannin ƙarshen shekara. Tana da kyau, tana da sauri. Nakasarta ɗaya: abin da ke jikinka a wannan minti kawai take faɗa. Wanda ya san za a gwada shi ƙarfe takwas na safe, sai ya sha da magariba ya kwana ya warware. Wannan giɓi ne ya haifi munduwar.

A 2003 wani kamfani a jihar Kolorado ya fito da wadda ake kira SCRAM. Ana ɗaura ta a ƙauri, sama kaɗan da idon sawu, a kulle, mai ita ba ya iya cirewa. Duk rabin awa wani ɗan famfo a cikinta yana zuƙo iskar da ke kwance a kan fata, ya kai ta kan wani ɗan faifai mai rufin ƙarfen filatinam. Idan akwai barasa a iskar, sai ta rikiɗe a kan ƙarfen ta koma sinadarin tsami, a rikiɗewar kuma ta saki 'yar wutar lantarki. Barasa da yawa, wuta da yawa. Wutar ce ake aunawa a mayar da ita lamba. Akwai kuma wani ido mai duba tazarar na'urar da fata, da ma'aunin zafin jiki, don kada wani ya cusa leda ko safa a tsakani. Gwaji 48 ke nan a kwana guda, ana tura su ga jami'in da ke sa ido.

Daga baya aka nemi ƙanƙanta ta. Cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken illar barasa ta sa gasa, a 2016 kamfanin BACtrack ya lashe dala 200,000 da wata mai kama da agogon hannu, sunanta Skyn, mai gwaji duk bayan daƙiƙa 20 tana aika sakamako zuwa waya. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Joseph Wang da Patrick Mercier suka nuna wata 'yar takarda da ake mannawa a damtse. Ita ba ta jiran tururi. Tana tura wani magani mai suna filokafin cikin fata da 'yar wutar da ba a ji, wurin ya yi gumi, sai ta auna gumin cikin kamar minti goma sha biyar. A kan mutum tara aka gwada ta a lokacin, don haka kada mu ɗauke ta a matsayin kayan kasuwa.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke taɓa jini. Fata suke aunawa, sannan a yi lissafi a ce jini zai kai kaza. Kintace ne, ko da yake kintacen masana ne. Kuma a makare yake zuwa, domin sai barasa ta ratsa matattun ƙwayoyin saman fata kafin ta fito. A wani gwaji da Catharine Fairbairn ta jagoranta a Jami'ar Ilinoi, wanda aka buga a 2019, ta hannu tana bin numfashi a baya da kusan minti 24, ta ƙafa kuma da kusan minti 69. Wasu binciken sun ga jinkirin da ya kai awa biyu. Ma'anar wannan a tasha ita ce: direba zai iya kurɓa a bayan shago, ya shiga mota, ya yi nisa da fasinja, munduwarsa tana nuna sifili. Sannan da safe, bayan jininsa ya washe, ita tana nan tana cewa akwai saura. Don haka duk wanda ya ce muku wannan abu zai tsayar da bugaggen direba a bakin tasha, bai fahimce shi ba, ko kuma yana da kayan sayarwa.

Sannan fata ba iri ɗaya ba ce. Kaurinta, danshinta, yawan jinin da ke gudu a ƙarƙashinta, duk suna canza lambar. Mutum biyu su sha daidai wa daida, fatarsu ta ba da labari biyu. Mutum ɗaya ma, idan ya yi aikin ƙarfi ko ya zauna a sanyi, lambarsa na motsi. An kuma lura cewa ta ƙafar ta fi kama mai sha da yawa. Mai ɗan kurɓa sau da yawa yana wucewa ba ta gan shi ba, tunda sai lamba ta kai 0.02 ake ɗaukarta da muhimmanci. Ku haɗa wannan da yanayinmu. Ƙaurin manomi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da shi ya yi furu-furu har yana tsagewa, da ƙaurin wannan manomin a watan Afrilu cikin zafin bazara, kusan fata biyu ce daban. Mafi yawan gwaje-gwajen an yi su ne a Amurka da Turai, a ɗakuna masu sanyi.

Mu matso gida sosai. A ƙasashen da ake ɗaura ta, ana sa mutum ya sa hannu cewa ba zai shafa komai mai sinadarin barasa kusa da ita ba: turaren feshi, ruwan kurkure baki, man tsabtace hannu irin wanda muka saba da shi lokacin korona. Ku tuna ranar Juma'a a sahun masallaci, ko angon da abokai suka yi wa wanka da turare. Ku tuna mai aski da ke fesa sifirit a ƙeya, da ma'aikaciyar asibiti da ke wuni tana goge wurin allura. Masu na'urar suna da amsa, kuma amsar tana da ma'ana. Sun ce barasar da aka sha tana hawa a hankali ta sauka a hankali, ta ɗauki awanni, ta turare kuwa tana yin tsalle ɗaya ta ɓace. Amma ku lura, wannan bambancewar ba munduwar ke yi ba. Wani ma'aikaci ne a ofis yake duba zanen ya yanke. Ashe a ƙarshe shaidar mutum ce, ta sa rigar na'ura.

Ruwa ma matsala ne. An yarda a yi wanka da ita, amma ba a yarda a nutsar da ita ba, kuma wani bincike da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ɗauki nauyi ya nuna danshin da ke taruwa a cikin tsofaffin samfurinta yana dusashe ƙarfinta. Yaronmu da ke zuwa aikin shinkafa a Kadawa ko Bunkure, yana tsaye cikin ruwan Tiga har ƙauri daga safe zuwa azahar, yaya za a yi da shi? Alwala sau biyar a bakin ƙafar fa? Ga kuma tambayar da na bar wa malamai: abin da aka kulle a fata wata uku ko huɗu, ruwan wankan wajibi bai kai ƙarƙashinsa yadda ya kamata ba, hukuncinsa na ɗaurin karaya ne ko kuwa daban?

Kuɗi kuwa, a taƙaice. A Amurka ana biyan wajen dala 10 zuwa 15 a rana, galibi daga aljihun wanda aka ɗaura wa. Ko a kan dala 10, idan canji yana naira 1,500, naira 450,000 ke nan a wata, fiye da ninki shida na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ta hannun tana da sauƙi, amma tana son caji, da babbar waya, da sabis.

Malamai, Allah ya gafarta muku, a nan ne nake ganin mun riga Turawa tunani a kan wannan batu. A mazhabarmu ta Malikiyya haddin shan giya bulala tamanin ne, kuma yana tabbata da iƙirari, ko shaidu biyu adalai, ko warin giya a bakin mutum idan adalai biyu da suka san warin suka shaida. Imamu Shafi'i da Imamu Abu Hanifa ba su yarda wari kaɗai ya wajabta haddi ba, saboda mutum zai iya kurkure baki da ita, ko a tilasta masa, ko ya sha abin da bai san mene ne ba, ko wani abu ya yi wari irin nata. Wato sama da shekara dubu da suka wuce malamai suna muhawara a kan ko alamar da ke fita daga jiki ta isa hujja. A cikin Muwaɗɗa ma, labarin Sayyidina Umar ya nuna da ya ji wari a jikin wani bai tsaya nan ba, sai da ya bincika abin da aka sha ɗin yana bugarwa ko a'a. Hanci shi ne tsohuwar na'ura, kuma an kewaye shi da sharuɗɗa: wane ne mai shinshinar, adali ne, ya san warin, su nawa ne. Ra'ayina, kuma gyara na wajenku, shi ne lambar da turare zai iya ɗagawa, wadda ke zuwa a makare, wadda sai wani baƙo a nesa ya fassara, cike take da shubuha, kuma ƙa'idar kauda haddi saboda shubuha sananniya ce. Ga kuma hanin bin diddigin asirin mutane da ke cikin Suratul Hujurati. Na'urar da ke rubuta abin da mutum ya yi a ɗakinsa ƙarfe biyun dare ta shiga inda ɗan Hisbah ba shi da izinin shiga. Dokar kare bayanai ta ƙasa ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A gari irin namu, da zance ya fita sau ɗaya cewa munduwar wane ta yi ƙara, 'ya'yansa mata ne za su biya a wajen neman aure, ko da daga baya an gano man aski ne.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan girma, kuma iyaye mata sun fi mu saninsa. Munduwar nan barasa kaɗai take gani. Ba ta ganin tiramol, ba ta ganin kodin, ba ta ganin wiwi, ba ta ganin sholisho, balle gadagin da ake kwankwaɗa kafin a hau babur. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, ba tare da an haɗa da giya da taba ba, kuma ya sa Kano a kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya. A 2018 sai da BBC ta nuna yadda ruwan tari mai kodin ke cinye samari da 'yan mata, har da na Kano, gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Wannan ce cutar da ta fi cin gidajenmu. Idan muka matsa wa barasa da na'ura muka bar sauran, yaron da ke tsoron munduwa zai koma kemis ne kawai, ita kuma ta riƙa ba shi shaidar kirki kullum.

Kada ku ce na zo kushe ta ne. Tana da inda take aiki, kuma aikin ba ƙarami ba ne. A jihar Dakota ta Kudu an fara wani shiri a 2005 ga waɗanda aka sha kamawa da tuƙi cikin maye: ko dai ka zo ka hura sau biyu a rana, ko a ɗaura maka munduwa. Wanda ya karya, hukuncinsa ƙarami ne amma nan take, kwana ɗaya ko biyu a tsare. Cibiyar RAND ta bincika ta ga sake kama masu tuƙi a buge ya ragu da kashi 12, kamun masu dukan iyali kuma da kashi 9. Yankin Wels ya fara ɗaura wa masu laifi a 2020, Ingila a 2021, har tsawon kwana 120 bisa umarnin kotu, kuma gwamnati ta ce a kashi 97 cikin ɗari na kwanakin ba a ga sha ba. Ku lura da abin da ke aiki a nan: mutumin an riga an same shi da laifi ta hanyar shari'a, ya san an ɗaura masa, ya san ranar cirewa, kuma tana ba shi damar ya zauna da iyalinsa ya ci gaba da sana'arsa maimakon zaman gidan yari.

Wanda ya fi burge ni shi ne amfanin da likitoci suka yi da ita. A Jami'ar Brown da kuma San Antoniyo ta jihar Tekzas, an gwada ba wa mashaya 'yar kyautar kuɗi a duk ranar ko makon da na'urar ta nuna ba su sha ba, kuma shan ya ragu. Duk wanda ya yi jinyar mai shaye-shaye ya san abin da ya fi lalacewa a gidan shi ne yarda. Ya rantse ya daina, matar ba ta gaskata ba, uban ba ya ko kallonsa, shi kuma ya ce tunda ba a yarda ba gara ya koma. Abin da zai ba mai son tuba damar nuna wa mahaifiyarsa kwana talatin masu tsabta, da yardarsa, a hannun likitansa, abu ne mai daraja.

Amma mu yi hattara da siffarta a idon mutanenmu. Ƙarfe a ƙafa, a kulle, a ƙasar Hausa sunansa mari. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kai su saboda shaye-shaye, don sun rasa inda za su kai su. Iyayen nan ba mugunta ce ta kai su ba. Daga nan zuwa asibitin Dawanau ko gidan gyaran hali na Ƙiru tafiya ce da kuɗi, gadaje kuma ba su isa ba. Idan munduwa ta zo babu likita a bayanta, babu mai ba da shawara, babu sana'ar da za a koma, to ta zo ne ta yi aikin da sarƙar ta yi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Shugabannin direbobi, idan kuna son abin da zai tsare ran fasinja gobe da safe, na'urar hurawa ce, guda ɗaya a tasha ta isa, a hannun mutum biyu amintattu, a riƙa kai ta ana daidaita ma'auninta, a kuma jira minti goma sha biyar zuwa ashirin idan mutum ya ce yanzu ya kurkure baki. Ma'aikatan lafiya, abin da ya kamata mu nema wa babban asibitin Rano da ƙananan asibitocinmu shi ne kayan gwajin fitsari masu gano tiramol da kodin da wiwi, da ma'aikaci ko ɗaya da aka horar a kan jinyar shaye-shaye. Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, duk ranar da aka kawo muku wannan munduwa, ku tambayi mai kawowar: an gwada ta a kan fatar mutanenmu cikin hunturu da bazara, an kwatanta da jini? Wa ke karanta sakamakon, a ina yake zaune? Idan mutum ya ce ƙarya aka yi masa, gaban wa zai kai kuka? Wa zai biya? In ya kasa amsa waɗannan huɗun, ya koma da kayansa tukuna.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo, kuma na ga hannun malam a sama tun ina maganar wanka.